Nauyin Baffa Kalilu

Ni na sayo shakazobar da hannuna. Gara in fara da wannan, domin duk wanda ya ji abin da ya sami Baffa Kalilu a unguwarmu, Yaya Badaru yake zagi, ni kuwa a ce mini sannu. Ban cancanci sannun nan ba.

Motar gidanmu a-kori-kura ce fara, mai mazaunin mutum uku a gaba. Aikinta ɗaya ne, jan injin casa. Da zarar an yanke gero an ɗaure dammuna, sai mu maƙala mata injin mai taya biyu a baya, mu fita daga Daura mu bi ƙauyukan Sandamu da Baure muna casa wa manoma. Yaya Badaru ne mai mota tun rasuwar mahaifinmu, ni ne direba. Na bar makaranta a aji uku, na taɓa acaɓa, na taɓa sayar da gilashin waya a bakin tasha, na je Kano na dawo. Babu inda na taɓa cika wata shida. Tuƙi ne kaɗai ya ɗan zaunar da ni.

Hanyoyin gona rairayi ne, cikin motar yana kartar ƙasa, sai Yaya ya sa aka ɗaga ta. Aka ƙara mata ganyen sifirin a baya, aka sa ƙarfe a ƙarƙashi, ta miƙe ta yi tsayi. In na faka ta a ƙofar gida mutane har tsayawa suke su kalla. Amma tun daga ranar bayanta bai sake samun natsuwa ba. Shakazobar da ke jikinta, wato ƙarafan da ke shanye tsallen mota, suka mutu cikin sati biyu, mansu ya tsiyaye. Muna shiga gargada sai bayan ya kama tsalle, injin yana fizgarta. Abin da ya haɗa motar da injin kuwa wata ƙusa ce, guntun rodi mai kauri da ake zurawa ta sama. Duk tsallen da aka yi sai ta ɗan hauro, tana neman fita.

Maganin da Yaya ya samo shi ne Baffa.

Baffa Kalilu ƙanen mahaifinmu ne. Matarsa ta rasu, Allah bai ba shi haihuwa ba, ɗakinsa yana cikin zaurenmu. Ya haura sittin, amma mutum ne mai jiki, dogo kakkaura, irin waɗanda in sun zauna a benci sai bencin ya amsa. Gonarsa ta Sandamu aka sayar aka cika kuɗin injin. Shi da bakinsa ya ce a sayar. "Wa zan bar wa in ba ku ba?"

Wata safiya muna shirin fita, yana zaune a dakali yana shan koko, Yaya ya tsaya a kansa.

"Baffa, zaman nan ba ya isar ka? Taso mu je ka sha iska. Ka zauna mana a baya, can wajen ƙofar bodi, ka danne ta. In ka ga ƙusar nan ta taso, ga guduma, ka mayar da ita."

Na ga yadda fuskar Baffa ta washe. Ya shiga ɗaki ya ɗauko hularsa da buzun sallarsa, ya hau bodin da tsalle ɗaya kamar saurayi.

"Ashe har yanzu ina da amfani," in ji shi.

Kuma abin ya yi. Motar ta lafa, tsallen ya ragu. Lokaci zuwa lokaci sai mu ji ƙarar guduma, kwam, kwam. Yaya ya daki kafaɗata yana dariya.

"Ka ji sabuwar shakazoba? Wannan ba ta tsiyayar da mai."

Ni ma na yi dariya. A tsakaninmu, a mazaunin mutum na uku, kular abincin Yaya ce a zaune.

Satin farko Baffa da kansa yake dirowa. Sati na biyu sai ya juya baya, ya dafa ƙarfe, ya sauko da ƙafa ɗaya, ya tsaya ya numfasa, sannan ɗayar. Sati na uku na shiga masallacin unguwa da azahar ranar da ba mu fita ba, na gan shi a ƙarshen sahu yana salla a zaune. Baffa, wanda shekara da shekaru ba ya barin bayan liman.

Da komawa gida na tari Yaya. "Yaya, a canza shakazobar nan. Bayan Baffa zai lalace."

"Ya ce maka wani abu ne?"

"Bai ce ba."

"To kai ne bakinsa?" Ya ɗan latsa waya, can ya ce, "Je ka wurin Abbas ka ji nawa ne. Ka kira ni kafin ka taɓa komai."

Abbas bakanike ne, garejinsa yana bakin hanyar Zango. Ya shiga ƙarƙashin motar da igiya, ya auna daga sama zuwa ƙasa, ya ƙulle igiyar, ya fito yana karkaɗe riga. Sannan ya shiga shago ya fito da shakazoba iri uku, ya jera su a ƙasa gabana.

"Duba nan, Muktar. Motarku ta ƙaru da fiye da yatsa huɗu. Wannan," ya nuna wata doguwa baƙa a cikin kwali, "sabuwa ce mai gas, an yi ta ne don motar da aka ɗaga mai jan kaya. Ita ce daidai, amma tana da tsada. Wannan ta tsakiyar baljiyam ce, an yi amfani da ita a waje, amma doguwa ce kuma da sauranta. Za ta kai ku kaka biyu. Rabin kuɗin waccan."

"Wannan jar fa?"

Ya ɗora igiyar a jikinta. Ƙullin ya wuce ƙarshenta.

"Ka gani? Tsayin motar kamfani ne da ita. Arha kam ta fi kowacce arha. Amma in na ɗaura wa taku, a miƙe za ta zauna tun kafin ku tashi. Duk ramin da kuka faɗa, in bayan motar ya taso, za ta kai ƙarshenta ta fizgo shi ƙasa da ƙarfi. Kamar a daki mutum da taɓarya ne daga ƙasa. Wallahi gara matacciyar da ke jiki da ita. Kuma wata rana kunnenta, inda ake ɗaure ta da jikin mota, zai tsinke."

Na koma gefe na kira Yaya, na faɗa masa duk abin da Abbas ya ce, ban rage ba.

"Ɗauki jar," in ji shi.

"Yaya, gajera ce. Ko ta tsakiyar mu ɗauka."

"Ƙarfe ne, zai saba. Duk bakanike so yake ka sayi mai tsada. Mu lallaɓa zuwa bayan kaka, sai a sa mai kyau. Na tura maka kuɗi, abin da ya yi saura ka riƙe."

Na dawo na ce wa Abbas ya ɗaura jar. Ya dube ni, sifana a hannunsa.

"Me kuke ɗauka a bodin in za ku tafi?"

"Kaya ne."

"In buhuna ne, babu ruwansu. In mutum ne, kada ka fara."

"Kaya ne," na sake cewa.

Har yau ban san me ya sa na faɗi haka ba. Ko kuwa na sani. Na gaji da gardama, rana ta yi zafi, kuma canjin nan yana raina, akwai wani takalmi da na daɗe ina kallo a kasuwa. Abbas ya ɗaura su, sai da ya sa yaransa biyu suka hau bodi suka danne kafin ƙusoshin su shiga. Da zan tafi ya nuna ƙusar janyo injin.

"Wannan ma ka kawo ta gobe in huda ƙasanta in sa mata maƙalli. Aikin minti goma ne, ba za ta sake hawowa ba."

Na ce to. Gobe muna da aiki a Sandamu, jibi a Baure. Ban kai ta ba.

Da yamma Yaya ya jawo Baffa har gindin motar, ya sa shi ya leƙa. Ga su nan ja wur, suna ƙyalli.

"Ka gani, Baffa? Saboda kai na saya. Sababbi fil."

Baffa ya dafa taya ya miƙe da ƙyar. Ya kama hannun Yaya da hannu biyu.

"Allah ya yi maka albarka, Badaru. Allah ya ba ka masu yi maka. Kai ma Muktari, Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin. Sabon takalmin yana ƙafata.

Washegari muna sauka daga kwalta, ramin farko, na ji ƙarar. Gau! Sitiyarin ya girgiza a hannuna. Na kalli madubi. Baffa ya tashi sama kusan taƙi guda ya dawo, hularsa ta faɗo kan cinyarsa. Ya ɗauka ya mayar. Gau! Ya riƙe ƙarfen bodi da hannu ɗaya, guduma a ɗayan, ya cije leɓe. Na rage gudu har motar tana neman mutuwa.

"Taka mana," in ji Yaya. "Haka za mu wuni a hanya? Sababbi ne, sai sun yi laushi."

Ba su yi laushi ba.

Ran nan da muka gama casa, bodi ya cika da buhunan geron da aka biya mu da shi. Motar ta sami nauyinta, ba ta bukatar kowa. Na ce, "Yaya, Baffa ya dawo gaba, a ɗora kular a cinya."

Yaya ya dubi rigar Baffa, duk ƙaiƙayi ne tun daga wuya, don shi ke taya mu ɗura buhu. Ya dubi kujerun da bai daɗe da yi wa sabuwar riga ba.

"Ai kan buhunan ya fi laushi. Ko ba haka ba, Baffa? Kuma ga iska."

"Haka ne," in ji Baffa. "Nan ma ya yi."

Daga nan kullum da abin da ke ƙaruwa. Ya fara ɗaure ƙugunsa da rawani a ƙarƙashin riga. Ɗakinsa ya koma warin man zafi. Yana aikena kemis in sayo masa maganin ciwon jiki, da farko ƙwaya biyu yake sha, ya koma huɗu. Wata rana a wata gona kusa da Sandamu yana tafiya, takalminsa na hagu ya cire ya tsaya a cikin rairayi, shi kuwa ya ci gaba da tafiya, bai sani ba. Na ɗauko na bi shi.

"Baffa, takalminka."

Ya kalli ƙafar ya daɗe. "Ikon Allah. Kwana biyun nan kamar ba tawa ba."

Na sami Inna, mahaifiyarmu, a madafa tana tankaɗe. Na faɗa mata.

"Muktar, kada ka haɗa ni da yayanka. Shi ke ciyar da gidan nan. Ka manta yadda muka yi bara? Shi Kalilun ba yaro ba ne, in ba ya so ai yana da baki."

Mardiyya, matar Yaya, tana gefe tana yanka kuɓewa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ni dai na ga sanyin ƙashi ne. Babanmu ma haka ya yi, kuma ko keke bai taɓa hawa ba. Tsufa ne kawai."

Na koma wa Yaya na ce mu zuba rairayi a buhu mu ɗora a wurin, a bar Baffa a gida.

"Buhu zai buga ƙusa? Buhu zai sauka ya kama mana bakin buhu? Kai ba ka san zama ne ke kashe tsoho ba? Da yana kwance a zaure yana ƙirga azara, yanzu ya san yana da aiki. Kuma ni na ɗaure shi na ɗora? Kai dai ba ka iya zama lafiya ba, shi ya sa ko'ina aka kai ka sai ka gudo."

Wannan ta ƙarshen kam gaskiya ce.

Na shiga ɗakin Baffa. Na same shi ya tsuguna a bayan ƙyaure yana wanke wandonsa a bokiti, a ɓoye. Da ya gan ni ya yi sauri ya danna shi cikin ruwa. Zarnin ya riga ya gaya mini. Fitsari ya fara kufce masa.

"Baffa, ka ce ba za ka ƙara zuwa ba. Kai kaɗai za ka faɗa ya ji."

"Muktari, tuwonsa nake ci. Sabulun nan da nake wanki da shi nasa ne."

"Gonarka ce a cikin injin nan."

"Kul. Kada in ƙara jin wannan a bakinka. Abin da na bayar na bayar." Sannan ya ce a hankali, "Kuma yaron nan ya kashe kuɗinsa ya sa sababbin ƙarafa saboda ni. In ce masa me? In ce ban gode ba?"

A nan ya kamata in faɗa masa. Bakina ya buɗe, na kalli ƙafata, na fita.

Sau ɗaya tak Baffa ya roƙa. Ranar wata Talata ce, na tayar da mota tana ɗumi, Yaya ya fito da kularsa. Baffa yana zaune a dakali, bai ɗauko buzunsa ba.

"Badaru," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa, "yau ƙugun nan ya matsa. Ko za ku je ku kaɗai, in ɗan huta na yau?"

Yaya bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya ajiye kular a kan boneti a hankali.

"Ayya, Baffa, sannu. To ai shi ke nan, sai mu fasa. Mutanen Baure sun tara gero tun jiya, sun kira mata masu sheƙa, amma ba komai. In sun kira mai wani injin, sun kira. Lafiyarka ta fi. Muktar, kashe motar."

Na kashe. Yaya ya jingina da ƙofa ya fito da waya. Inna ta leƙo daga zaure ta ce, "Lafiya ba ku tafi ba?" Babu wanda ya amsa mata. Baffa yana kallon ƙasa. Na ga hannunsa yana lalubar bango. Ya miƙe a hankali, kamar mai ɗauke da buhu a ka.

"Muktari, miƙo mini buzuna."

"Baffa, in ba za ka iya ba kada ka matsa wa kanka," in ji Yaya, yana buɗe ƙofar gaba.

Ni na tura shi ya hau bodin ran nan. Sai da na sa kafaɗa.

Mun wuce Baure da kaɗan, muka sauka wata hanyar shanu da ruwan damina ya zaizaye. Akwai wani kwazazzabo da ya yanke hanyar, na san shi, na sha wuce shi. Na taka birki na shiga a hankali. A madubi na ga Baffa ya sunkuya ta saman ƙofar bodi, ya miƙa guduma, ƙusar ta hauro sosai. Tayoyin baya suka faɗa, suka taso. Na ji gau, sannan na ji wata ƙara daban, kamar an karya itace busasshe. Kunnen shakazobar hagu ne ya tsinke. Bayan motar ya yi sama ta gefe ɗaya. Madubin ya zama babu kowa a ciki.

Ƙusar ta fita. Injin ya sulale baya, ya gangara cikin kwazazzabon ya kife a gefensa, taya ɗaya tana juyawa.

Muka fito tare da Yaya. Ni na yi bayan mota. Shi ya yi wurin injin. Ba na ƙara masa ko kalma ɗaya, da idona na gani, hannunsa biyu a ka yana cewa, "Innalillahi, injina!"

Baffa yana kwance rigingine a kan wani dutse, gudumar tana hannunsa har lokacin. Idonsa a buɗe. Ba jini ko ɗigo.

"Muktari," in ji shi, "ƙusar ta fita. Ban kai gare ta ba. Ka ba yayanka haƙuri."

"Baffa, yi shiru. Ina ke maka ciwo?"

"Babu inda ke ciwo. Abin mamaki, yau babu ciwo." Ya ɗan ɗago kai yana neman wani abu. "Ƙafafuna suna nan kuwa?"

A asibiti aka ɗauki hoton bayansa. Likitan ya ɗaga hoton a hasken taga ya nuna mana da biro. Ya ce faɗuwar yau ce ta ƙarasa, amma ƙashin ya daɗe yana tsagewa, ga tsofaffin wurare nan har uku. Ya ce laka ta taɓu. Ya tambaya wane irin aiki tsohon nan yake yi.

"Ba ya aikin komai," in ji Yaya. "Mu ke riƙe da shi. Rakiya kawai yake mana."

Likitan ya rubuta takarda ya ce a kai shi babban asibiti a Kano, kuma kada a ɓata lokaci. Yaya ya ninke takardar ya sa a aljihu. A hanya ya ce asibitocin nan yanka mutum kawai suka sani, ya san wani mai ɗori da ya tayar da waɗanda suka fi haka. In ba a dace ba, bayan kaka sai a tafi Kano. Mai ɗorin ya zo sau biyu, ya shafa, ya ɗaure, ya karɓi zakara. Na uku bai dawo ba.

Kwana uku da faɗuwar, Yaya ya kira ni. An jawo injin, gyaransa ya ci abin da ya ci, kuma abin ya ƙona masa rai.

"Kai motar wurin Abbas. Ka ce ya sa dogayen nan masu gas, na cikin kwali. Ba zan sake yarda injina ya kife ba. Kuma ya huda ƙusar nan."

Na tsaya ina kallonsa. "Yaya, ashe akwai kuɗin?"

"Wannan wace irin tambaya ce? Asarar da na yi ba ta ishe ka ba?"

Labari ya riga ni isa gareji. Abbas bai amsa sallamata da fara'a ba. Ya shiga ƙarƙashi ya kwance jar da ta tsinke, ya fito ya jefar da ita a gabana.

"Kayan da ka ce mini ke nan? Kalilu ne kayan?"

Na kalli jar da ke ƙasa, shi kuwa ya ci gaba.

"Sau biyu ka ce mini kaya ne, Muktar. Da ka ce mini mutum ne, wallahi da na ɗaura maka baljiyam ɗin nan, in ya so duk abin da yayanka zai yi ya yi. Mutumin nan shi ya yi wa ubana wanka da ya rasu."

Ya ɗaura sababbin. Ya huda ƙusar ya sa mata maƙalli. Na duba agogon wayata, ko minti goman bai cika ba.

Da na dawo gida na sami Yaya a ƙofa da shebur da buhunan siminti da babu komai a ciki, kusa da tarin rairayin maƙwabcinmu. Abbas ya aiko masa cewa ko da sababbin, in bodi babu kaya a ɗan sa nauyi a baya, ta fi zama.

"Zo ka kama mini," in ji shi. Ya cika ɗaya, ya ɗaure, ya ɗaga ya jijjiga. Sannan ya tambaye ni, kamar mai tambayar ƙarfe nawa. "Kana ganin buhu nawa zai kai nauyin Baffa? Biyu?"

Tagar ɗakin Baffa tana saitin kanmu, a buɗe.

Na ajiye masa makullin a kan buhun. Ya ɗauki wani direba kafin la'asar.

Yanzu wata huɗu ke nan. An gama kaka, an kai gero rumbu, an sayar da na sayarwa. Takardar Kano tana nan a aljihun wata rigar Yaya, in ba a wanke ta da ita ba. In na yi maganar sai ya ce bari a ga yadda kasuwa za ta yi. Masu zuwa dubiya suna zama a bakin ƙofa su ce ƙaddara ce, Inna ta ce ƙwarai kuwa, Mardiyya ta ce ai da ma jikin ya daɗe yana faɗa masa. Yaya yana leƙowa ranar Juma'a da lemo a leda, mutane suna cewa Allah ya saka masa, ba kowa ke riƙe ƙanen uba haka ba.

Ni ma na yarda da ƙaddara. Amma na ga igiyar da Abbas ya auna da ita, na ga inda ƙullin ya tsaya. Shakazoba uku aka jera a gabana a ƙasa, kuma babu wadda aka rubuta wa sunan Baffa. Mu muka zaɓa. A gidanmu babu wanda ya taɓa zaginsa, babu wanda ya ɗaga masa murya. Da sannu da Allah ya ƙara lafiya muka karya shi, kowa ya kama inda zai iya. Yaya ya ce mai arha, Inna ta ce ba ruwanta, ni na ce kaya ne.

Na faɗa masa daga baya. Wata safiya ina shafa masa mai a gadon baya inda ya fara salewa, na faɗa masa duka, har takalmin. Yana kwance, fuskarsa tana bango.

"Da ma na ji a jikina sun fi na da zafi," in ji shi. "Na ɗauka ni ne ban iya zama ba."

Bai ƙara ba, kuma bai sake tayar da maganar ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ni da ban taɓa wata shida a wuri ɗaya ba, yanzu ko kasuwa na je sai in riƙa sauri, don duk awa biyu sai an juya shi. Da rani motar tana jan tankin ruwa zuwa wuraren gini. Kowace safiya tana wucewa ta gindin tagarsa, ta taka ramin da ke bakin lungu. Jiya ya kasa kunne har ta wuce.

"Ka ji ta, Muktari? Ko ƙara babu. Lafiya lau take tafiya." Can ya ce, "Wa ke zama a bayan yanzu?"

"Buhun rairayi ne, Baffa. Guda biyu."

"Biyu," in ji shi. Ya ɗan yi murmushi. "To ai sun isa."

Ruwan wankansa ya yi ɗumi. Na sa hannu ɗaya a ƙarƙashin wuyansa, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa. Watan farko mu uku muke ɗaga shi, muna nishi. Yanzu ni kaɗai nake ɗaukarsa, kuma bai kai buhu ɗaya ba.